Hoton Jinin Kan Habu Direba

Jiya kuna hira a gindin bedi na ji ɗayanku yana cewa aikin masu farfaɗiya yanzu ya zama wasa: a yi wa mutum allura, a tura kansa cikin na'ura, hoto ya fito da launi ya nuna inda jini ya taru a ƙwaƙwalwa, a rubuta magani, a kira na gaba. Ban tanka ba don ina cin abinci. Yau kam ku zauna. Ni na taɓa tsayawa kusa da wannan na'ura sau ɗaya a rayuwata, kuma zan gaya muku hanyar da na bi kafin in isa gabanta.

An turo ni Madarumfa a farkon shekarun 1990, ina sabon fitowa daga makarantar aikin jinya. Na tarar da Majo Garba, shi ne babba a gidan likitar, dattijo gajere mai saurin tafiya wanda ba ya son a maimaita masa magana. Kayan da muke duba mai farfaɗiya da su faranti ɗaya ya ɗauke su: agogon hannu mai sandar sakan, tocila, abin awon hawan jini, sirinjin gilashi da muke dafawa a tukunya bisa risho, allurar tsayar da jijjiga, sai wata 'yar farar ƙwaya, fenobarbital, wadda ita ce dukiyarmu gaba ɗaya. Babu hoto, babu waya a kai.

Na farko da na gani a hannunsa wani masunci ne, Ɗan Ladi, wanda ya faɗi a bakin tabki yana gyaran koma. An kawo shi a amalanke, jama'a na biye amma kowa ya ba da tazara, domin a lokacin mutane sun yarda cewa duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa shi ma ya kamu. Wani ya tura masa guntun icce a baki. Majo ya zare iccen ya jefar, ya juya shi bisa haƙarƙari, ya sa tafin hannunsa ya share kumfar bakin a gaban kowa. Daga nan ya miƙo mini wannan hannun mu gaisa. Na duba jama'a, na duba hannun, na kama. Da muka shiga ciki mu biyu muka wanke da sabulu kamar yadda ake yi bayan kowane majinyaci, amma a waje an riga an gani, kuma ranar mutum huɗu suka kama Ɗan Ladi suka shigar da shi ɗaki.

Abin da Majo ya fi nanata mini shi ne mai ciwon nan ba ya ganin ciwonsa. Yana tafiya, sai ya farka a ƙasa. In ka tsaya tambayarsa ka ɓata lokacinka. Ka nemi wanda yake kusa da shi, kuma kada ka ce ya ba ka labari, domin zai fara da aljani ya ƙare da maƙiya. Ka ce ya yi maka yadda mutumin ya yi, da jikinsa: wane hannu ya fara, ina ido ya juya, me ya ce kafin nan. Na yi shekara biyu ina kallon uwaye da mata suna kwaikwayon ciwon 'yan uwansu a bayan ɗakin allura kafin idona ya fara rarrabewa.

Habu kuwa da raunin goshi aka kawo mana shi. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ƙanen Alhaji Nomau mai motocin da ke kai wake da gyaɗa Najeriya. Ya ɗauko wake daga Gabi da hantsi, hanya miƙaƙƙiya, babu ruwa babu rami, sai motar ta saki hanya ta bi ta kan wani amalanke ta shige gonar hatsi. Jakin ya mutu nan take, mai amalanken ya karye a cinya. Ina ɗinke goshin Habu yana ce mini gyangyaɗi ne. Na tambaye shi ko ya kwana a hanya, ya ce a gida ya kwana, ya yi barci har asuba. Ba ya shan komai, kowa ya shaide shi. Mutumin da ya yi shekara goma sha yana jan mota ba ya gyangyaɗi da hantsi haka kawai.

Da matarsa Barira ta kawo abinci na ja ta gefe na ce ta nuna mini. Ta ƙi, ta ce ba ta kwaikwayon mai gidanta a gaban wani. Na ce to ta juya mini baya ta fuskanci bango, ni zan tsaya daga ƙofa. Ta daɗe tsaye, sannan ta yi. Ta fara kamar tana magana sai ta tsaya a tsakiyar kalma. Ta yamutsa hanci. Ta shiga tsotsar leɓe kamar mai shan tsamiya, hannun hagu yana murza bakin mayafi, na dama ya sandare a gefe. Ta ce ba ya faɗuwa, ba ya kumfa, kuma in ya dawo yakan ɗan jima kalma ba ta zo masa ba, yana kallonta yana neman sunan abu. Tun bara yake yi, ita ta ɗauka tunani ne.

Na koma wurin Habu na tambaye shi me yake shaƙa kafin abin ya zo. Ya ce ƙaurin roba. Ya ce sau da yawa yakan tsayar da mota ya sauka ya zagaya tayoyi yana neman inda ke ƙonewa, bai taɓa samu ba.

Majo Garba ya yarda da ni cewa farfaɗiya ce, irin wadda ba ta kayar da mutum. Alhaji Nomau bai yarda ba. Ya zo da babbar riga da mutum biyu a bayansa, ya ce shi ya san farfaɗiya, ya ga masu ita a kasuwa suna birgima, ƙanensa bai taɓa kai gwiwa ƙasa ba. Ya ce kada mu liƙa wa gidansu wannan suna, suna da 'ya'ya da za a nema. Ya ɗauki Habu zuwa Maraɗi aka yi masa radiyo ta kai, wato hoton ƙashi, ta fito lafiya lau. Ya tsallaka da shi Najeriya aka sake wani hoton, lafiya lau. Ya kai shi Yamai aka manna masa wayoyi a kai na ɗan lokaci, takarda ta fito ba komai, domin ciwon bai zo ba a lokacin. Ya dawo ya ɗaga mini hoton a rana ya ce in nuna masa ciwon da yatsa.

Na ce masa radiyo ƙashi take gani. In motarsa tana mutuwa a hanya jefi-jefi, ya ɗauki hoton bodinta tana tsaye a tasha, me zai gani? Wannan ta shige shi kaɗan, domin harkarsa ce. Ba ni da ikon karɓe makulli a hannun kowa, amma muka yi sulhu: Habu zai sha ƙwaya kullum, zai zauna a tasha yana kula da lodi, ba zai taɓa sitiyari ba sai damina da rani sun wuce bai ji ƙaurin nan ba. Ƙwayar ta rage abin sosai. Ba ta kashe shi ba. Duk bayan 'yan makonni sai Barira ta biyo ta gidan likita ta ce mini ya yi.

Sai shekarar da aka karya darajar kuɗinmu sefa ta zo. Majo Garba ya riga ya yi ritaya ya koma garinsu, ni na zama majo. Magani ya ɓace. Ku da kuka taso kuna buɗe kabad kuna ɗauka ba ku san wannan ba: mai shan fenobarbital in ya yanke ta dare ɗaya, ciwon yakan dawo fiye da na da, wani ya yi ta jijjiga ɗaya bayan ɗaya har rai ya fita. Ina da mutane daga ƙauyukan bakin tabki har zuwa iyaka waɗanda ni na sa su a kanta, ni na ce kada su kuskura su bari. Yanzu ga su a benci, ga kabad fayau.

Na hau mobilet. Na je Maraɗi na bi kantunan magani ɗaya ɗaya, na je Safo, na je Gabi, duk inda abokin aiki yake da ragowar gwangwani a bayan kabad na roƙe shi. Abin da na samo na zauna na raba shi da reza. Masu aiki kusa da ruwa da masu aiki kusa da wuta su na fara ba, sannan mata masu goyo. Sauran na koya musu yadda za su rage a hankali maimakon su yanke. A kasuwa kuma masu tallar magani a tire sun cika da wata farar ƙwaya mai kama da tamu sak. Wata ta gaske ce, wata in ka murza ta da ruwa sai ta zama kamar alli. Ba yadda za ka gane da ido.

Ɗan Ladi masunci ita ya saya. Ya ga layi ya yi tsawo a wurinmu, ga kifi na kamuwa, sai ya bi ta kasuwa. Abokansa sun same shi da la'asar a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Bayan an rufe shi ban koma gidan likita ba, na wuce gidan sarkin ruwa na zauna har ya fito. Muka ƙulla cewa duk masuncin da ke shan ƙwaya ba zai sake shiga tabki shi kaɗai ba, kuma wanda ke tare da shi ba zai gudu ba in ya faɗi. Wannan dokar ta daɗe tana aiki.

A cikin wannan shekarar ce Barira ta zo mini da sassafe ta ce Alhaji ya mayar da Habu kan mota. Kasuwa ta rikice, direbobi biyu sun bar shi, ga hotuna uku duk sun ce lafiya. Na rufe ɗakin allura na nufi tasha. Na tarar an gama lodi, inji na aiki, Habu a sama. Na buɗe ɗaya ƙofar na hau na zauna kusa da shi da farar rigata. Ya tambaye ni ina zuwa, na ce duk inda za shi.

"In ka ji ƙaurin robar ka gaya mini," na ce, "in samu in yi kalmar shahada."

Ya daɗe hannunsa na kan giya. Sannan ya kashe motar. Alhaji ya fito daga rumfa ransa a ɓace, ya ce ina tozarta shi a gaban yaransa, ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya sayen abin da bai gani ba. In akwai ciwo a kan ƙanensa a nuna masa. Na ce akwai wani hoto da wani lokotoro a Maraɗi ya taɓa ba ni labari, wanda ba ƙashi yake ɗauka ba, tafiyar jini a cikin ƙwaƙwalwa yake nunawa, amma sai an ƙetare teku. Ya ce ko bayan tekun ne zai kai shi, kuma ranar da hoton ya fito lafiya ni zan miƙa wa Habu makulli da hannuna a wannan tashar. Na ce na yarda, amma kafin nan ba zai ja ba. Ya ce ya ji.

Ban ɗauka zai yi ba. Sai da shekaru suka ja, harka ta miƙe masa, a ƙarshen shekarun 1990 ya shirya komai ta hannun wani lokotoro, babban likita, a Yamai. Asibitin can Faransa suka ce a taho da wanda ya san yadda ciwon ke farawa kuma yake jin Faransanci. Habu ba ya ji, Barira ba ta ji. Na ɗauki hutuna na shekara na bi shi.

Yanzu ku saurari yadda "sauƙin" yake. Ruwan da ake yi wa mutum allurar da shi yana da wani haske da ido ba ya gani, na'urar ce kawai take ganinsa. Kullum da safe ake haɗa shi sabo, a kawo shi cikin sirinji mai rigar dalma, mai nauyi kamar guduma, kuma bayan 'yan sa'o'i ƙarfinsa ya tafi, sai a zubar. Lokacin da ciwon ya tashi, jini yakan ruga wurin da ya fara. In aka tura ruwan a daidai wannan lokacin, yakan bi jinin ya liƙe a wurin, ya zauna, ko da an jima kafin a ɗauki hoton. In aka makara kaɗan, ciwon ya riga ya bazu ko ya wuce, hoton ba ya faɗin komai. Saboda haka aka rage wa Habu magani da gangan don ciwon ya zo, aka manna masa wayoyi a kai, aka sa masa bututu a jijiyar hannu, aka ajiye wata ma'aikaciyar jinya a gefen gado da sirinji a shirye. Aikinta ke nan, zama da kallo. Ba ta karatu, ba ta hira mai tsawo, in za ta fita sai wata ta karɓe ta.

Tun ranar farko ta ce in nuna mata yadda yake farawa. Na tsaya a tsakiyar ɗaki, ni majo guda, na yamutsa hanci na tsotsi leɓe na murza bakin rigata da hannun hagu. Habu ya yi dariya har wayoyin kansa na rawa, ya ce ashe haka yake yi, shi bai taɓa gani ba. Ita ba ta yi dariya ba, ta sa na maimaita.

Muka zauna. Kwana na farko ba komai. Na biyu ba komai. Wani yammaci ciwon ya zo bayan an riga an zubar da ruwan ranar, muka kalle shi ya zo ya wuce, hannunmu ba komai. Habu ya gaji, abincinsu bai karɓe shi ba, ya ce mu koma gida, Allah bai nufa ba. Na ce masa mun bar mai amalanke yana ɗingishi a Madarumfa har yau, ba za mu koma hannu wofi ba. Bai sake maganar ba.

Ranar da aka dace, da safe ne, yana ba ni labarin wata hanya da ya taɓa bi da damina. Yana cikin faɗin sunan garin sai ya tsaya, hancinsa ya motsa. Na ɗaga hannu, amma ita ma ta gani, babban yatsanta ya riga ya sauka a kan sirinjin kafin leɓensa ya fara. Ta kira lokaci da ƙarfi don a rubuta, ta riƙe masa hannu, ni na riƙe kafaɗa. Da ya dawo hayyacinsa aka tura shi ɗakin na'urar. Wani ƙaton kai ne na ƙarfe yake zagaya kan mutum a hankali, kuma dole ya kwanta ko motsi babu. Ni na tsaya ta wajen ƙafafunsa ina masa magana da Hausa don kada ya firgita. Bayan kwana biyu, ranar da yake lafiya, aka sake wani hoton don a gwada su.

Lokotoron asibitin ya jera mana su biyu. A na ranar lafiya, gefen hagu wajen saman kunne ya ɗan dushe. A na ranar ciwo, wannan wurin dai ya yi ja kamar garwashi. Ya ce daga nan yake tashi, shi ya sa ƙauri, shi ya sa kalma take ɓace masa, domin wurin yana maƙwabtaka da inda magana take. Ya ce ana iya tunanin aiki da wuƙa, amma sai an ƙara bincike, kuma akwai haɗarin a taɓa maganar. Na fassara wa Habu duka, ban rage ba. Ya ce a bar masa bakinsa. Aka canza masa magani zuwa wanda ya fi dacewa da irin nasa.

Hoton bai warkar da shi ba, kada wani ya ce muku hoto na warkarwa. Sabon maganin ya sa ciwon ya koma sau ɗaya ko biyu a shekara. Habu ya kama lambu nesa da bakin ruwa, ya aurar da 'ya'yansa duka, ba wanda ya fasa saboda sunan ciwon. Amma ranar da muka dawo ita nake so ku ji.

Alhaji Nomau da kansa ya zo tashar Maraɗi tarbarmu a ƙaramar motarsa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce ina hoton. Na buɗe ambulan a kan bonet. Ya sa tabarau, ya duba na farko, ya duba na biyu, ya ɗora yatsa a kan jan wurin ya daɗe bai ɗauke ba. Ya tambaye ni ko wannan yana nan tun ranar amalanke, na ce yana nan. Ya tambaya ko yana nan ranar da ya mayar da shi kan kamiyo, na ce yana nan. Ya cire tabarau ya mayar aljihu.

Muka sa kaya a but. Shi Alhaji tun da ƙanensa ya iya tuƙi bai taɓa ja ba in suna tare, saboda haka ba tare da tunani ba hannunsa ya miƙa masa makulli. Habu ya kalli makullin.

"Yaya, kai za ka ja mu," ya ce.

Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da jakata. Alhaji ya shiga gaba ya tayar da mota, ta yi tsalle ta mutu. Ya sake tayarwa. Tun daga Maraɗi har Madarumfa Habu yana jingine da kujerar gaba yana gaya wa yayansa inda zai canza giya da inda rami yake, shi kuma Alhaji, wanda ban taɓa ganin wani ya ba shi umarni ba, yana cewa to.